Babi na Huɗu: Ƙurar Sahara da Hayaƙin Gida

Da zarar hunturu ya kama, sai Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, wadda hedikwatarta ke filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, ta fara fitar da sanarwar da mutanen Abuja suka kusa haddacewa: ana sa ran hazo, a wasu jihohin Arewa ba za a iya hangen abin da ya wuce mita 1,000 ba, masu asma su yi hattara, kamfanonin jiragen sama su nemi rahoton yanayi kafin su tashi. Ba a jimawa sai Dutsen Aso ya dushe, mai tahowa daga Kaduna kuma ba zai ga Dutsen Zuma ba sai ya kusa gindinsa. Leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, masu wankin mota su samu kasuwa. Duk wanda ka tambaya daga ina wannan abu yake, amsa ɗaya zai ba ka: daga Sahara.

Ba ƙarya ya yi ba. A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, wanda dubban shekaru da suka wuce gindin Tafkin Chadi ne, lokacin da tafkin ya ninka girmansa na yau sau da yawa. Ruwa ya janye ya bar farar ƙasa mai laushi, wadda akasarinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka kwanta. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta faɗa wa kwarin, ta kwashi farar ƙasar nan ta yi sama da ita. Masana suna lissafa Bodele a sahun gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya, kuma ƙurar Sahara takan ƙetare Tekun Atlantika har ta sauka a dajin Amazon. Abin da ya iya wannan tafiya, isowa Kubwa ba zai gagare shi ba.

Matsalar wannan amsa ita ce tana da daɗi. Ba wanda za a kama da laifi. Ba minista, ba shugaban ƙaramar hukuma, ba mai kamfanin fasa dutse, ba ni ba kai. Ikon Allah ne, a ɗaura takunkumi a jira damina. Hausawa kuwa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma mu namu hangen har Chadi yake kaiwa.

An ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya da doka a watan Fabrairun 1976, zamanin Janar Murtala Muhammed, gwamnati kuma ta tare a ranar 12 ga Disamban 1991. Birnin da aka zana a takarda mai faɗin tituna ne da lambuna, kuma Maitama da Asokoro da Wuse II sun yi kama da zanen. Sai dai akasarin masu yi wa birnin aiki ba a cikinsa suke kwana ba. Tsadar haya, da rusau ɗin da aka yi zamanin ministancin Nasir El-Rufa'i daga 2003 zuwa 2007, da hana acaɓa shiga tsakiyar gari a 2006, duk sun tura jama'a gefe: Nyanya, Karu, Kubwa, Dutse Alhaji, Lugbe, Mpape, Dei-Dei, Zuba, Gwagwalada, har a tsallaka iyaka zuwa Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, ko Madalla da Suleja a Jihar Neja.

A tsaya a bakin titin Keffi, tsakanin Mararaba da Nyanya, bayan sallar asuba a watan Janairu. Motoci sun yi sahu-sahu, tafiyar hawainiya suke yi, kowace injinta na aiki. Tifa mai ɗauke da yashi ta taka totur domin hawan Kugbo, baƙin hayaƙi ya turnuƙe masu jiran mota. Mai shayi ya hura wuta, mai ƙosai ta iza itace, bolar da aka cinna wa wuta tun daren jiya tana ci a hankali, leda da ƙyallen jarirai da ragowar abinci suna fitar da farin hayaƙi mai ɗaci. 'Yan acaɓa suna fitowa daga lungunan da ba su taɓa ganin kwalta ba, kowane da jelar jar ƙura a bayansa. Duk wannan ba ya tashi sama ya tafi. Da dare ƙasa takan huce, iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama sanyi da nauyi, sai ta kwanta ta riƙe duk abin da aka zuba mata har rana ta ɗaga. Mutumin da ke tsaye a wurin yana shaƙar ƙurar Bodele, babu musu. Tambayar ita ce kashi nawa ne nata a cikin abin da ya shiga ƙirjinsa, kashi nawa ne namu. Ido ba ya iya raba wannan gardama. Sai awo.

Masu awo ba su damu da sunan abu ba, ƙura ne ko hayaƙi ko toka. Girman ƙwayar suke dubawa, domin girman ne ke nuna inda za ta tsaya a jikin mutum. Ma'aunin shi ne maikuromita, wato milimita ɗaya a raba ta gida dubu. Kaurin gashin kai yakan kai maikuromita 50 zuwa 70. Ƙwayoyin da ba su wuce maikuromita 10 ba su ake kira PM10, waɗanda ba su wuce 2.5 ba kuma PM2.5. Manya-manyan sukan maƙale a hanci da maƙogwaro, a fyace su ko a kakaro su. Ƙananan sukan wuce har can ƙuryar huhu inda iska ke haɗuwa da jini, shi ya sa cutarwarsu ba ta tsaya ga tari da asma ba, ta kai ga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2013 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya waɗannan ƙwayoyi cikin abubuwan da ke jawo kansa. A 2021 kuma hukumar lafiyar ta tsaurara ƙa'idarta: a cikin kubik mita ɗaya na iska, wato lita 1,000, kada PM2.5 ya wuce maikurogiram 5 a matsakaicin shekara, ko 15 a matsakaicin yini guda. Na PM10 kuwa 15 a shekara, 45 a yini. Baligi yana shaƙar iska fiye da lita 10,000 kowace rana.

Hanyar awo ta asali, wadda ake gwada sauran da ita, ba ta da wani siddabaru. Famfo ne yake zuƙo iska ta wani baki da aka ƙera domin ya kakkaɓe manyan ƙwayoyi, sauran su faɗa kan wani farin faifan tacewa mai faɗin milimita 47. Wahalar tana wajen sikeli. Famfon yana jan lita 16.7 a minti, wato kubik mita 24 a yini. In iskar tana daidai kan iyakar nan ta 15, abin da zai taru a faifan maikurogiram 360 ne, bai kai rabin miligiram ba. Domin a auna wannan, sai an ajiye faifan aƙalla awa 24 a ɗakin da zafinsa ke tsakanin digiri 20 da 23, laimarsa tsakanin kashi 30 da 40 cikin ɗari, kafin a kai shi fili da kuma bayan an dawo da shi. Ba a taɓa shi da yatsa, sai da ɗan hantsaki, domin maiƙon hannu kaɗai ya isa ya ɓata lissafi. Akan kuma tafi da wani faifan da ba za a zuƙi iska ta cikinsa ba, ya je ya dawo kawai, domin a gane abin da hanya ta ƙara. Faifan da ya tafi fari fat yakan dawo ruwan ƙasa in ƙura ta fi yawa, ko baƙi-baƙi in hayaƙi ne, kuma gogaggen ma'aikaci tun daga launin yake fara zato.

A ƙasar da wutar lantarki ba ta da alƙawari, wannan aiki yana da nasa ciwon kai. In aka ɗauke wuta da tsakar dare famfo ya tsaya, samfurin ranar ya tashi a banza. In kuma aka tayar da janareto kusa da na'urar, to hayaƙin janareton mai binciken ne za a kai ɗakin gwaji a auna da sunan iskar unguwa. Dole sai batir da faifan sola, ko doguwar waya, da mai gadi.

Akwai manyan na'urori masu ba da sakamako awa-awa ba tare da an jira sikeli ba, amma kuɗinsu dubban daloli ne, ga kulawa. Ofishin jakadancin Amurka da ke tsakiyar Abuja yana cikin ofisoshin da suka riƙa auna PM2.5 suna sakawa a intanet, tsarin da Amurka ta fara a Beijing a 2008. A watan Maris na 2025 ma'aikatar harkokin wajen ƙasar ta ce ta daina watsa waɗannan alƙaluma daga ofisoshinta na duniya saboda ƙarancin kuɗi. Abin kunya ne a ce babban birnin ƙasa ya dogara da baƙo ya gaya masa abin da yake shaƙa. Amma ko lokacin da alƙaluman ke fitowa, iskar unguwar jakadu suke bayyanawa, inda tituna ke da kwalta, ake kwashe shara, ba mai girki da itace. Ba su san da zaman Mararaba ba.

Giɓin nan ne ƙananan na'urori masu araha suka zo cikewa, irin su PurpleAir, waɗanda Cibiyar Binciken Sararin Iska ta hukumar NASRDA da ke Anyigba a Jihar Kogi ta kakkafa a garuruwan Nijeriya, da AirQo da aka ƙera a Jami'ar Makerere ta Uganda. A cikin kowace akwai ɗan fanka da hasken leza. Ƙwayoyi suna ratsa hasken suna watsa shi, na'urar ta ƙiyasta nauyinsu daga yadda hasken ya watsu. Ƙiyasi ne, ba awo ba, kuma yana da makanta iri biyu da suka shafe mu kai tsaye. Da damina ƙwayoyi sukan sha laima su kumbura, sai na'urar ta ƙara gishiri. Da hunturu kuma, da yake ta fi ganin ƙananan ƙwayoyin hayaƙi fiye da manyan ƙwayoyin ƙura, sai ta rage mudu a daidai ranar da gari ya fi turnuƙewa. Maganin shi ne a ɗaure ta kusa da babbar na'ura na tsawon makonni, a rani da damina, a fitar da lissafin gyara da ya dace da iskar wurin. Lissafin da aka yi da hayaƙin gobarar dajin Kalifoniya ba zai yi wa Gwagwalada aiki ba.

To, a ce an samu nauyin daidai. Nauyi bai faɗi mai laifi ba. Nan ne aikin ke komawa irin na gwanar girki da za ta ɗanɗana miyar da ba ita ta dafa ba, ta ce daddawa ta yi yawa, an sa kanwa, man ja ne ba na gyaɗa ba. Kowane tushe yana da abin da yake bari a faifai. Ƙasa tana barin silikon da alminiyam da ƙarfe da titaniyam da kalsiyam. Itace da ciyawa in sun ƙone suna barin fotasiyam, sinadarin nan da ke ba ruwan toka kaifinsa, da wani nau'in sukari mai suna lebogulukosan wanda ba ya samuwa sai tsiro ya ƙone. Injin dizal yana barin baƙin kabon da salfa. Birkin mota yana barin jan ƙarfe, taya tana barin tutiya, ko ta goge a titi ko an ƙona ta a kwata wajen babbaka. Bola tana barin kulorin daga robobi, da tutiya da dalma. A da, dalma ita ce shaidar fetur, amma tun farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sa ta a mai, saboda haka wanda ya same ta da yawa a faifai yau sai ya nemi masu fasa tsofaffin batura da masu ƙona tarkacen lantarki.

Ana iya wannan bincike a gida. A Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife akwai na'urar da ke harba ƙwayoyin furoton kan faifan, kowane sinadari ya mayar da nasa irin hasken eksire, a karanta sunansa da yawansa ba tare da an lalata faifan ba. Da ita Abiye da Obioh da Ezeh suka yi nazarin ƙurar Abuja da aka buga a 2013. A Zariya kuma, cibiyar makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, wadda ake gano sinadarai da ita. In aka tara faifai masu yawa, sai a zuba alƙalumansu cikin wani lissafi da Paatero da Tapper na ƙasar Finland suka fitar a 1994, wanda ke duba sinadaran da ke hawa tare su sauka tare, ya ware su gida-gida. Da irin wannan lissafi Ishaq Sulaymon da abokan aikinsa suka yi nazarin PM2.5 na Abuja da aka buga a 2020, inda suka samu ya haura ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ya fi muni da rani. Sai dai kwamfuta gidajen kawai take warewa. Mutum ne ke raɗa musu suna, kuma wanda bai san unguwa ba zai iya rubuta "masana'antu" a kan abin da kowane yaro a layin ya san hayaƙin 'yan gwangwan ne masu ƙona waya su ciri jan ƙarfe.

Inda lissafin ya fi shan wahala shi ne ainihin gardamarmu. Ƙurar Sahara ƙasa ce, ƙurar burjin Lugbe ƙasa ce, garin dutsen Mpape ma haka. Sinadaransu sun yi kama ƙwarai, sau da yawa gida ɗaya kwamfuta ke jefa su, mai karatu kuma ya ga "ƙurar ƙasa" ya ce ai ga shi, Sahara ce. Raba su yana bukatar wasu shaidu. Agogo shaida ne: ƙurar Bodele ba ta san lokacin tashi daga ofis ba, in ta zo takan rufe Abaji da Bwari da Karshi gaba ɗaya ta yi kwanaki, alhali ta gida tana hawa da safe, ta faɗi da rana, ta sake hawa da magariba, ranar Lahadi kuma ta yi sauƙi. Akwai manhajar HYSPLIT ta hukumar yanayin Amurka da ke bin sawun iska baya-baya ta nuna inda ta kwana jiya da shekaranjiya. Taurarin ɗan'adam suna nuna ƙura tana tasowa daga Chadi, suna kuma nuna ɗigo-ɗigon wutar daji da manoma da mafarauta ke sakawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a kafa na'ura ɗaya a ƙauyen da ke nesa da titi a Kwali, ɗaya a Nyanya, a rana guda. Abin da suka yi tarayya a kai daga nesa ya zo. Rarar da ke kan ta Nyanya tamu ce. Haka kuma duk abin da aka auna a watan Agusta, lokacin da iska ta juyo daga teku kuma ruwan sama ke wanke sararin sama kusan kullum, ba a iya jingina shi ga Chadi.

Tushen gida kuwa ba ɓoyayyu ba ne. A Mpape ana fasa dutse da nakiya, injuna suna niƙa shi, tifofi suna fita da tsakuwa ta tsakiyar gidajen mutane, kuma da wannan tsakuwa aka gina birnin. A watan Satumban 2018, da ƙasa ta yi motsi a Mpape da Maitama, hukumar birnin ta dakatar da fasa dutse a yankin. Girgizar da ta kai Maitama ce ta jawo dakatarwar; farar ƙurar da ke kwanciya kan rufi da ganye da kayan miyar 'yan tireda a Mpape shekara da shekaru ba ta taɓa jawo irin wannan gaggawa ba. Shara kuma ana kai wadda aka kwasa jujin Gosa, amma a unguwannin da motar shara ba ta shiga, ashana ce mai kwashewa. Man dizal ma da labarinsa. A watan Satumban 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa mai mai yawan salfa musamman domin Afirka ta Yamma. A Disamban shekarar, a nan Abuja, lokacin Amina Mohammed tana ministar muhalli, Nijeriya da Benin da Togo da Ghana da Kwaddibuwa suka amince su daina karɓarsa, Nijeriya ta ce za ta sauko daga kashi 3,000 cikin miliyan zuwa 50. Turai tana kan 10. Wa'adin 2017 da aka ɗiba domin hakan ya zo ya wuce ba a cika ba, sai da aka sake rubuta adadin a dokar man fetur ta 2021.

Iyakar jiha ma tana da hannu. Ikon hukumar kare muhalli ta Abuja, AEPB, yana ƙarewa ne a Nyanya. Taku kaɗan gaba Nasarawa ce, da wata hukumar da wani kasafin, alhali motocin da ke cunkushe a wurin duk Abuja suka nufa. Hukumar tarayya ta NESREA, da aka kafa a 2007, ita ce ke da hurumin da ya ratsa iyakar.

Wani zai ce duk wannan ƙaƙale ne, tunda hanci ma ya san iskar ba ta da kyau. Amma a 2016, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin birane, Onitsha ta zo da PM10 na 594, Kaduna da 423, aka yi ta surutu na mako guda, sannan aka watse, domin lambar ba ta gaya wa kowa abin da zai gyara ba. Legas ta ɗan fi sa'a: rahoton Bankin Duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta kashe mutum 11,200 a jihar a 2018, ta jawo asarar dala biliyan 2.1, ya kuma nuna yatsa ga motoci da masana'antu da janareto. Shugaban ƙaramar hukumar da ke da kuɗin aiki ɗaya tak yana bukatar ya san ko kwalta zai shimfiɗa ko motar shara zai saya, kuma faifan da aka auna a unguwarsa ne kaɗai zai gaya masa. In da ni ake shawara, babbar na'ura ta farko Nyanya za a kai ta, ta biyu Mpape, a jera ƙananan a makarantun firamare da ɗakunan shan magani na Kubwa da Lugbe da Gwagwalada, a kuma riƙa karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Gbagyi da Burokan.

Ko an yi haka, akwai iskar da na'urar kan rufi ba ta kaiwa gare ta. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuma kuɗin gas ɗin girki ya yi tashin gwauron zabo, gidaje da yawa a Karu da Zuba da Dutse sun jingine silinda sun koma gawayi da itace. Matar da ke durƙushe gaban murhu a ɗan madafi marar taga, da goyo a bayanta, tana shaƙar abin da ya ninka na bakin titi sau da yawa a lokacin da take girki. Auna wannan sai da wata 'yar na'ura da ake rataya wa mutum a ƙirji ya yini da ita ya kwana da ita, kuma da ita za mu shiga madafi a babi na gaba.